Lanƙwasasshen Hannun Feda: Taimako ne ko Yaudara?

Duk wanda ya leƙa gindin darbejiyar nan ta bakin ƙofar makaranta da safe, ya san keke ya dawo da martabarsa. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin shekarar 2023 kuɗin mota ya gagari iyayenmu, sai kowa ya shiga zaure ko bayan ɗaki ya jawo tsohon Raleigh ko Phoenix na mahaifinsa, aka kakkaɓe ƙura, aka yi faci, aka hau. Ni ma ina cikin wannan runduna. Kullum sai na yi wajen kilomita shida zuwa, shida komowa, kuma akwai wani tudu a tsakani wanda ba ya jin magiya. Saboda haka in an ce ga wani ƙarfe da za a ɗaura wa keke ya rage wa mutum gajiya, ni ne farkon mai kasa kunne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin na ga wasu 'yan'uwa sun fara zuba kuɗinsu a kan irin wannan magana, har ɗaya daga cikinmu ya zuba jininsa.

Ga yadda abin ya faro. Wani abokina, ɗan ajinmu, ya ga wani bidiyo a wayar yayansa. An nuna ƙarfen nan da ya taso daga cibiyar keke ya riƙe feda, wanda zan riƙa kira hannun feda, amma maimakon ya zama miƙaƙƙe kamar yadda muka saba gani, sai aka lanƙwasa shi ya yi kamar lamba 7. Mai tallar yana ta rantse-rantse wai wannan lanƙwasa tana ƙara tsawon ƙarfen, tsawon kuma yana ƙara ƙarfi, har mutum ya hau tudu kamar yana gangara. Abokin nan nawa ba shi da halin aika kuɗi ƙasar waje, sai ya fasa asusunsa, ya kai kekensa wurin wani mai walda, aka yanka hannayen fedar biyu, aka yi musu ƙari, aka lanƙwasa. Kashegari ya zo makaranta yana wani ɗaga kai, yara suka yanyame keken kamar an kawo raƙumin dawa. Ya ce wallahi tun da yake bai taɓa jin keke mai sauƙi irin wannan ba. Kafin a tashi, mutum huɗu sun tambaye shi kwatancen shagon.

Ni ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Babu wani ƙarfe, kowace irin siffa aka yi masa, da zai ƙara wa mai keke ƙarfin da ba daga ƙafarsa ya fito ba. Iyakar abin da ƙarfe zai iya yi biyu ne: ko ya daidaita keken da jikin mai shi, ko ya rage ƙarfin da ke zurarewa a banza. Wanda ya yi alkawarin fiye da haka, to aljihunka yake kallo.

Bari mu fara da lanƙwasar kanta, don ita ce mafi sauƙin kamawa. Da na sami abokina shi kaɗai sai na ari rula na auna ƙarfen nasa. Daga cibiya zuwa inda ya karya kwana santimita 12, daga kwanar zuwa feda wata santimita 12, watau ƙarfe mai tsawon santimita 24 ke nan. Ya ce, "Ka gani? Naka 17 ne kawai." Na ce masa ya dakata. Na ɗora rular daga cibiya kai tsaye zuwa feda, sai ga santimita 17 cif. Duk ɗan aji uku da ya yi lissafin Pythagoras ya san dalili: 144 a tara da 144 ya ba da 288, tushensa kuwa yana gab da 17. Ashe fedarsa tana nan daidai inda tawa take, tana zana da'ira iri ɗaya da tawa. Malaminmu na kimiyya ya ƙara fito da abin fili da muka kai masa ƙara. Ya ce a ɗauko kwali a rufe hannun fedar baki ɗaya, a bar cibiya da feda kaɗai a waje, sa'an nan a kirawo wanda ya fi kowa sanin keke a garin nan ya hau, ya faɗa mana ko miƙaƙƙe ne a ƙarƙashin kwalin ko lanƙwasasshe. Ba zai iya ba, domin ƙafa ba ta san hanyar da ƙarfe ya bi ba, ta san inda ya ƙare ne kurum. Ƙarin santimita bakwai ɗin nan ba abin da suka kawo sai nauyi, da kuma kwana inda ƙarfe zai riƙa lauɗi har wata rana ya gaji.

Kada wani ya ce ai wannan wautar mutanenmu ce. Ko kusa. A farkon shekarun 1980 wani kamfani a Italiya mai suna PMP ya ƙera irin wannan hannun feda mai kwana, aka goge shi yana walƙiya, aka sayar da shi ga 'yan tseren Turai. Bai daɗe ba ya ɓace. Amma abin mamaki, duk bayan 'yan shekaru sai wani ya sake tono shi, ya canza masa suna da fenti, ya ce sabuwar fasaha ce. Da can a mujalla ake tallarsa, yanzu kuwa ya shigo mana ta waya.

To, sai abokina ya sauya dabara. Ya ce shi ke nan, ya yarda lanƙwasa ba ta yin komai, amma in aka ƙara tsawon gaske fa? A mai da shi santimita 20 miƙaƙƙe. Wannan tambaya ta fi ta farko ma'ana, kuma amsarta ita ce zuciyar maganata. Gaskiya ne dogon ƙarfe ya fi gajere sauƙin juyawa. Kowa ya taɓa ganin bakanike ya zura sifana cikin bututu don ya kwance noti mai taurin kai. Amma ku lura da hannun bakaniken, za ku ga tafiyar da yake yi ta ƙaru. Haka abin yake a keke. Da hannun feda mai santimita 17, ƙafa tana zagaya wajen santimita 107 a kowane juyi. Da mai 20 kuwa sai ta zagaya wajen 126. Abin da ka samu na sauƙin dannawa, daidai shi ka biya da tsawon zagaye. Bugu da ƙari, gwiwarka za ta riƙa tasowa sama fiye da da, tana ƙara naɗewa, feda kuma ta ƙara kusantar ƙasa, ranar da ka sha kwana da gudu ta kafci kwalta. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Masana sun gwada wannan da na'ura. Cikin shekarar 2001, wasu masu bincike biyu a Amurka, Martin da Spirduso, sun ɗora 'yan tsere a kan hannayen feda masu tsawo iri biyar, daga milimita 120 har zuwa 220. Na ƙarshen ya kusa ninka na farkon. Amma da aka auna iyakar ƙarfin da kowa ya fitar, bambancin mafi kyau da mafi muni bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, kuma mafi tsawon ba shi ne ya yi nasara ba. Har wa yau, Tadej Pogačar, ɗan ƙasar Sulobeniya, ya rage tsawon nasa ne zuwa milimita 165 a shekarar 2024, kuma a wannan shekara ya cinye babban tseren Italiya da na Faransa da gasar duniya. Ga gwani yana ragewa, mu kuma muna nan muna biyan mai walda ya ƙara mana.

Ni dai giya ce ta fi burge ni, don ita ba ta yi wa kowa ƙarya. Na ƙirga haƙoran kekena: babban farantin gaba yana da 44, ƙaramin na baya yana da 18. Tayar kuwa in ta juya sau ɗaya takan ci wajen mita 2.2. Ke nan kowane zagayen feda yana kai ni kusan mita biyar da rabi. In na sa mai haƙora 22 a baya, tudun nan zai yi mini sauƙi ƙwarai, amma kowane zagaye mita 4.4 zan samu, sai na ƙara yawan juyi kafin in isa. Ciniki ne a fili, ga abin da za ka samu, ga abin da za ka bayar. Wanda tudu ya dame shi, wannan ne maganinsa, kuma kuɗinsa bai kai na waldar da abokina ya biya ba.

Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Akwai wata dabara da ba zan iya yi mata dariya kamar ta farko ba, ita ce faranti mai siffar ƙwai. Duk mai tuƙa keke ya san akwai wurare biyu da ƙafa ba ta da ta-cewa, watau sa'ad da feda ɗaya take can ƙoli ɗayar kuma tana can ƙasa. A nan ne keke yakan tsaya wa mutum a tsakiyar tudu. Sai masu dabara suka ce, me zai hana a yi farantin ba kewayayye sosai ba, yadda giyar za ta yi nauyi inda ƙafa ke da ƙarfi, ta yi sauƙi inda ƙafa ta raunana? Wannan tunani ba ya karya dokar lissafi, domin bai ce zai ƙara ƙarfi ba, ya ce zai gyara rabonsa ne. Tsoho ne kuma, tun shekarun 1890 ake gwada shi. Kamfanin Shimano na Japan ya fito da nasa mai suna Biopace cikin 1983, ya cika kasuwa da shi, sa'an nan ya daina ƙera shi wajen 1993. Daga baya Rotor na Sifen da Osymetric na Faransa suka ɗauka. Carlos Sastre ya ci tseren Faransa na 2008 da na Rotor. Bradley Wiggins ya ci na 2012 da na Osymetric, haka kuma Chris Froome, wanda aka haifa a Nairobi ta Kenya, ya ci sau huɗu tsakanin 2013 da 2017 da irin wannan faranti.

Da na karanta wa abokina wannan jeri sai ya yi tsalle, ya ce to ga shi nan, bakina ya kama ni. Na ce ya zauna tukuna. Na farko, yadda Shimano ya juya ƙwan nasa kusan kishiyar yadda na bayansa suka juya nasu ne, amma kowannensu ya sami masu rantsuwa cewa sun ji daɗinsa. In mutum biyu suka sha magani biyu masu saɓa wa juna, kowa ya ce ya warke, ai sai a fara tuhumar ko tun farko zuciya ce ta warkar da su. Na biyu, gwaje-gwajen da aka yi da na'ura ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: wasu sun ga ɗan ƙari ƙanƙane, da yawa ba su ga komai ba. Na uku, shi kansa Wiggins ya koma kan kewayayyen faranti daga baya, kuma mafi yawan waɗanda suka ci wannan tsere, da da yanzu, da kewayayye suka ci. Mutumin da yake tuƙa dubban kilomitoci a shekara, ga likita, ga mai dafa masa abinci, in ya yi nasara kada a ba faranti lada. Iyakar abin da zan yarda da shi, wataƙila ya dace da ƙafar wasu. Wannan kuwa maganar dacewa ce, irin ta takalmi.

Haka nan fedar nan da ke kama takalmi. Kamfanin Look na Faransa ya fito da ita cikin 1984, Bernard Hinault ya ci tseren Faransa da ita a 1985, daga nan ta game duniyar tsere. Amfaninta na gaske ne, domin ƙafa ba ta zamewa in mutum ya miƙe tsaye yana fizgar keke da iyakar ƙarfinsa. Sai dai an ɗora mata wani labari wai tana ninka ƙarfi, don mutum yana dannawa da ƙafa ɗaya yana jawowa sama da ɗayar. A shekarar 2007 masu bincike a Ingila suka sa 'yan keke su riƙa jawo fedar sama da gangan, sai aka tarar jikinsu ya fi cin ƙarfi kafin ya yi aiki iri ɗaya. Ƙafar ɗan Adam don taka ƙasa aka gina ta, shi ya sa naman da ke turawa ya fi mai jawowa kauri. Mu kuwa da muke tuƙi da silifas ko sandal ɗin makaranta, ga akuya, ga A Daidaita Sahu, ga mai kura, wa zai so a ɗaure masa ƙafa a bakin kasuwa?

Kada a ɗauka ni maƙiyin sabon abu ne. Akwai ƙarin da ya yi aiki har duniya ta shaida. A ranar ƙarshe ta tseren Faransa na 1989, Greg LeMond na Amurka yana bayan Laurent Fignon da daƙiƙa 50. Ya ɗaura wasu ƙarafa a kan kekensa waɗanda suka haɗe masa hannaye gaba, ya sunkuya ya tsuke jikinsa, ya kuwa cinye tseren da tazarar daƙiƙa 8. Ku lura, ƙarafan ba su ƙara masa ƙarfi ba, iskar da ke tare shi suka rage, kuma kowa na iya nuna inda ribar ta fito. Akwai kuma na'ura ɗaya tak da ke ƙara wa feda ƙarfi da gaske, ita ce inji mai batir. Shi ya sa da aka kama shi ɓoye cikin keken wata 'yar tsere a ƙasar Beljiyam cikin 2016, hukumar tseren keke ta duniya ta dakatar da ita shekara shida. Ba a taɓa jin an hukunta wani don ya lanƙwasa hannun feda ba; alƙalan sun san kansa kaɗai ya cuta.

Sa'an nan akwai ƙananan gyare-gyare da ba a yi musu talla, amma su ne masu albarka. Ƙanena ƙafarsa ba ta kai feda, sai mai gyaran keken unguwarmu ya ɗaura masa guntun katako a kan kowace, ga shi nan yana zuwa Islamiyya abinsa. Wanda ya taɓa karaya gwiwarsa ba ta naɗewa sosai, akan rage masa tsawon hannun feda na wannan ɓangare don ya iya zagayawa. Mai gwame ko mai faɗin ƙugu akan ɗan nisanta masa feda daga jikin keke. Duk waɗannan daidaita keke da jiki ne, kuma ba wanda ya yi musu alkawarin zama zakaran tsere.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, inda ƙarfinmu ke zurarewa da gaske ba wanda ke dubawa. Tun da John Kemp Starley ya fito da keke mai kaca a birnin Coventry na Ingila cikin 1885, mutane suke ƙoƙarin kawar da wannan tsari, wasu da feda mai hawa da sauka kamar keken ɗinki, wasu da sanda maimakon kaca, amma har yau bai kawu ba. Dalili kuwa, kaca mai tsabta wadda ta sha mai tana isar da fiye da kashi 95 cikin 100 na ƙarfin ƙafa zuwa taya. Ina wurin da ya rage da wani zai ce ya samo maka ƙarin kashi talatin? Amma ku zo mu zaga gindin darbejiya. Rabin kekunan nan kacarsu ta yi ja da tsatsa tana kuka. Tayoyin sun yi laushi sun baje a ƙasa, alhali famfo kyauta ake ara. Boris ya bushe, birki yana gugar ƙafar keke. Mafi muni, sirdi yana can ƙasa, sai ka ga ƙato yana tuƙi gwiwa na neman haɓa, wai don ya iya dafa ƙasa da ƙafa biyu. Ni kaina haka nake yi a da. Ranar da mai gyara ya ɗaga mini sirdi, yadda in na ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa ƙafata za ta miƙe, ya zuba wa kaca mai, ya cika tayoyi, na hau tudun nan ban sauka ba karo na farko. Abin da na biya bai kai kuɗin ƙosai da kunu ba.

Wani zai tambaya, to me ya sa abokin naka ya ji sauƙi, ko ƙarya yake yi? A'a, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma da na matsa da tambaya sai ya tuna cewa da aka kwance cibiyar keken don a yi walda, yaron shagon ya wanke boris ya cusa sabon giris, ya kuma ɗaure kacar da ta yi sako-sako. Ƙari a kan haka, mutumin da ya fasa asusunsa, yara suna bin sa da kallo, ai dole ya ƙara taka feda ko bai sani ba. Mun yi tsere sau da yawa a makon nan daga ƙofar makaranta zuwa gada, har mukan yi musayar kekuna. Yau ya riga ni, gobe in riga shi, kamar yadda muke tun muna aji ɗaya.

A mako na uku, ranar wata Talata, muna tsakiyar tudun nan ya miƙe tsaye ya danna fedar dama da dukan nauyinsa. Sai na ji ƙas! Ƙarfen ya ɓalle daidai kan kwanar da aka yi wa walda. Ya kife gefen titi, guntun da ya rage a jikin keken ya tsaga masa ƙwauri, wata tifa ta wuce mu da ɗan taki kaɗan. Allah dai ya kiyaye. An yi masa ɗinki, ya yi kwana tara bai zo makaranta ba, har gwajin lissafi ya wuce shi. Cikin mutum huɗun nan da suka karɓi kwatancen shago, biyu sun riga sun kai nasu, kuma har yau ɗaya yana hawa da shi. Shi nake roƙo, don Allah, ya cire shi kafin ya kai ga wannan mujalla ta gaba.

Abokina ya warke, mahaifinsa ya saya masa miƙaƙƙun hannaye na hannu a kasuwa, ya kuma sa mai haƙora 20 a baya. Hannun hagun da bai karye ba malaminmu ya roƙa aka ba shi. Yana nan a ɗakin kimiyya a kan teburin da ke kusa da taga, an ɗaura masa zare daga ramin cibiya zuwa ramin feda. Mai son ya auna da kansa ya zo ranar Alhamis bayan tara, amma ya taho da rularsa, don ta ɗakin ta ɓata.